Allah ya ba ni duk abin da na roƙa, amma zuciyata ba ta ƙoshi ba

Tambaya: Baba, shekarata 39. Ina aiki a banki a Kaduna, na kai manaja. Na gina gida, ina da mota, ina da mata da 'ya'ya uku, bara kuma aka zaɓe ni cikin dattawan ikilisiya. Duk abin da na yi azumi a kansa Allah ya ba ni. Amma in na dawo daga aiki da dare sai in kashe mota in yi ta zama a ciki, ban san abin da nake jira ba. Ji nake kamar rayuwata ba ta tsinana komai. Kira ne in bar aiki in tafi makarantar Littafi Mai Tsarki, ko kuwa rashin godiya ne ke damuna?

Amsa: Ɗana, alherin Ubangiji ya kasance tare da kai da iyalinka. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki tukuna. Na koyar a makarantar Littafi Mai Tsarki shekaru da yawa, na kuma ga mutanen da suka zo mana da irin wannan nauyin zuciya, suka gama karatu, aka naɗa su, bayan shekara biyar suna zaune a ofishin fasto da nauyin nan bai rage ko ƙwaya ba. Wurin zama kawai suka sauya.

Amma kafin mu shiga maganar ruhu, bari in tambaye ka ta jiki. Kana samun barci? Abinci yana shiga? Abubuwan da da suke faranta maka rai, wasa da yara, hira da abokai, duk sun fita kanka ne? Ka taɓa jin gara ma ka mutu ka huta? In amsarka ta karkata can, kuma abin ya wuce mako biyu yana nan, to ka ga likita, domin akwai ciwon damuwa, ciwo ne kamar hawan jini, kuma ana maganinsa. A Kaduna kake, asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa na Barnawa yana kusa da kai. Sa'ad da Iliya ya kwanta ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, abin da mala'ika ya fara kawo masa gurasa ce da ruwa, ya bar shi ya yi barci, sannan daga baya aka yi magana. In kuwa lafiyarka ƙalau, kana ci kana barci, abin da ke damunka shi ne tambayar "to, sai me?", sai mu ci gaba.

Ba rashin godiya ba ne. Marar godiya cewa yake abin da aka ba shi ya yi kaɗan, a ƙaro. Kai kuwa cewa kake ya yi yawa ma, amma bai kai inda ƙishin yake ba. Ka buɗe Mai-Wa'azi sura 2, wanda wasu juyi suke kira Mai Hadishi, za ka tarar da mutumin da ya gina gidaje, ya dasa gonaki, ya haƙa tafkuna, ya tara azurfa da zinariya, bai hana idonsa komai ba, da ya juyo ya dubi aikin hannunsa sai ya ce duk banza ne, harbin iska. Allah bai cire wannan littafi daga Maganarsa ba, ya bar shi domin mutane irinka su san ba su ne farau ba.

Kuma dole in faɗi gaskiya, rabin laifin namu ne, mu masu wa'azi. Ka tuna yadda lokacin shaida yake a yawancin majami'unmu ranar Lahadi. Mutum ya fito da iyalinsa cikin anko, ana kiɗa, ana guɗa, ya karɓi makirufo ya ce Allah ya yi masa mota, ko biza ta fito, ko an yi masa ƙarin girma. Jama'a su ɗauki tafi. Ba laifi, alheri ne, a gode. Amma yaushe rabonka da jin wani ya fito ya ce, "Ku taya ni godiya, shekara goma ba na magana da ƙanena saboda gonar gado, jiya na je na roƙe shi gafara"? Ko "An ba ni cin hanci na ƙi, saboda haka aka mayar da ni ƙauye, ku taya ni yabon Allah"? Yaron da ya tashi yana jin irin shaidar farko kawai, shekara ashirin, zai ɗauka Yesu tsani ne da ake takawa a kai ga abin duniya. Kai ka taka, ka kai ƙarshen tsanin, ka duba sama ba sauran matakala. Abin da kake yi ke nan a cikin motar nan da dare.

Mu masu Hausa mun yi sa'a da kalmar da aka zaɓa a Littafi Mai Tsarki tun juyin 1932, wato almajiri. Ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun san almajiri yaro ne da ya bar gidan ubansa ya je ya zauna gaban malami, inda malam ya sauka nan ya sauka, abin da malam ya biya masa shi yake maimaitawa. Ba maganar bara nake ba, maganar zama gaban malami nake. Ko ka dubi yaron bakanike a gareji. Shekararsa ta farko ba ya taɓa inji, sifana yake miƙawa, ya wanke noti da fetur, ya shiga ƙarƙashin mota ya riƙe fitila. Amma kunnensa yana koyon ƙarar inji ba tare da ya sani ba, har wata rana mota ta shigo ya ce wa maigidansa, "Oga, filogi ne," kafin a buɗe bonet. Ba a aji ya koya ba, a kusa da maigida ya koya. Markus 3:14 ya ce Yesu ya zaɓi sha biyun nan domin su kasance tare da shi, sannan ya aike su wa'azi. Kasancewa tare da shi ne ya zo farko. Mu kuwa mun juya abin, muna neman aikin Ubangiji, muna neman albarkar Ubangiji, shi kansa Ubangijin mun bar shi a zaure yana jira.

Don haka tambayarka ta "in bar banki ko in zauna" ta yi gaggawa. Akwai wadda ta riga ta. A Markus 10 wani mai dukiya ya zo a guje ya durƙusa gaban Yesu. Mutumin kirki ne, ya kiyaye dokoki tun yana yaro, da a zamaninmu ne da tuni an sa shi cikin dattawa. Shi ma abin da ya kawo shi ke nan, yana da komai amma yana jin akwai saura. Markus ya ce Yesu ya dube shi ya ƙaunace shi, sannan ya ce ya sayar da abin da yake da shi ya ba matalauta ya zo ya bi shi. Mutumin ya tafi da baƙin ciki. Mutane da yawa suna karanta wannan su tsorata, wasu kuma su yi ta kewaye-kewaye don su ce ba haka ake nufi ba. Amma ka lura, ba kowa Yesu ya gaya wa haka ba. Zakka ya ba da rabi, ya kuma yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga waɗanda ya zalunta, Yesu ya ce ceto ya sauka a gidan, bai ce ina sauran rabin ba. Lidiya mai sayar da jan alharini a Filibi ta ba da gaskiya, ba mu ji ta rufe kasuwancinta ba, gidanta ne ma ya zama masaukin Bulus da wurin taron 'yan'uwa. Yusufu na Arimatiya da dukiyarsa da matsayinsa ya samu shiga wurin Bilatus ya karɓo gawar Ubangiji. Likita ba ya ba kowa magani ɗaya. Yesu ya ɗora yatsa ne a kan abin da ya mallaki wannan mutum, abin da in an taɓa zai juya ya tafi.

To kai mene ne naka? Mai yiwuwa ba kuɗi ba ne. A wurin mutane da yawa da suka taso daga gidan talauci suka yi karatu suka zama wani abu, abin ba kuɗin ba ne, sunan ne. A ce ɗan wane ya zama mutum. In ka je gida Kirsimeti a tashi a ba ka kujera, a kira ka babban baƙo ranar ƙaddamar da asusun gini. Ka gwada kanka da wannan: da a ce gobe bankin ya rage ma'aikata da kai a ciki, amma Allah ya ba ka tabbacin yaranka ba za su kwana da yunwa ba, me zai fi yi maka zafi? In abin da ya fara zuwa zuciyarka shi ne "me mutane za su ce", to ka gano inda yatsan yake.

Wannan ne ya sa nake ja maka birki game da zama fasto. Son suna ba ya tsoron kwalar fasto. Yakubu da Yahaya sun bar jirgi, sun bar taru, sun bar mahaifinsu, sun bi Yesu kusan shekara uku, amma a kan hanyar Urushalima, bayan ya gama gaya musu za a kashe shi, abin da suka roƙa kujera ce, ɗaya dama ɗaya hagu. Wanda ya taɓa ganin yadda ake zaɓen shugabannin gunduma a ikilisiyoyinmu ya san jikokinsu suna nan da rai.

Ni kaina ban tsira ba. Ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina kiwon babbar ikilisiya a gari, sujada biyu kowace Lahadi, sai aka yi mini canji zuwa wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Na ɗauka an yi mini makirci ne, wataƙila ma an yi, ban bincika ba. Na tafi da fushi, wata shida ina wa'azi da baki, zuciyata tana gari. A ƙauyen akwai wani tsoho mai bishara da ya yi ritaya, ba shi da fansho sai gona da tsohon keke wanda aka ɗaure sirdinsa da roba. Kullum da asuba in na fito sai in gan shi zaune a kan turmi a ƙofar gidansa, da wani littafin rubutu irin na 'yan firamare, bangonsa ya yi baƙi saboda hannu. Wata rana na tambaye shi abin da ke ciki. Ya miƙo mini. Sunaye ne, shafi bayan shafi, da fensir. Wasu an ja musu layi a ƙasa, ya ce waɗannan sun tuba. Wasu an sa musu ɗan gicciye a gefe, waɗannan sun riga mu gida. Akwai sunan wani mutum da ya ce shekara ashirin da wani abu yana ambatonsa kowace safiya, har yanzu shiru. Ina juya shafi na ƙarshe sai ga sunana, da sabon rubutu. Na ce, "Baba, ni kuma me na yi?" Ya yi dariya ya ce, "Rabaran, jikinka ne ya zo, muna roƙo sauran ma ya iso." Ban taɓa ganin mutumin da ya san dalilin tashinsa da safe kamar tsohon nan ba. Da ya rasu ba a buga kalanda ba, ba a yi anko ba, amma mutane suka zo a ƙafa daga ƙauyuka bakwai.

Kada ka ɗauka ina yabon talauci ne. Talauci ba tsarki ba ne, na binne yaran da kuɗin magani kaɗan zai cece su. Agur a Karin Magana 30 ya roƙa kada a ba shi talauci kada kuma a ba shi dukiya, don ya san kowanne yana da ramin da yake jefa mutum. Abin da tsohon nan yake da shi, Bulus ya kira shi wadar zuci. Kuma ka dubi yadda ya faɗe shi a Filibiyawa 4:11-13: ya ce ya koya. Ya koyi zama da ƙoshi, ya koyi zama da yunwa. Ayar nan ta 13 da muke mannawa a gilashin mota da allon shago, wai zan iya yin komai ta wurin mai ƙarfafa ni, daga kurkuku aka rubuta ta, kuma "komai" ɗin da yake nufi ya haɗa da rashi. Abin da ya kamata ka lura da shi, kai musamman, shi ne har ƙoshi ma sai an koya. Ikilisiya ta koya maka yadda za ka jimre lokacin da ba ka da shi. Ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka yadda ake bin Yesu da cikakken aljihu.

Ma'aunin da muke auna rayuwa da shi ma yana bukatar gyara, kuma tarihin ikilisiyar ƙasar nan ya isa ya gyara shi. A Disamba 1893 samari uku suka sauka a Ikko da niyyar kai bishara ƙasar da a lokacin ake kira Sudan, wadda ta haɗa da arewacin Nijeriya ta yau, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, ba wanda ya kai shekara talatin. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo. Ba su yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Da ofishinku ne aka kawo wannan rahoto, asara za a rubuta a rufe fayil. Sai a 1902 aka samu kafa tasha a Patigi, daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, yau ga ta da miliyoyin mutane. Gowans bai ga ko ɗaya ba. A zamaninmu kuma, Janairu 2020, mun ga bidiyon Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, wanda aka sace a Michika, yana hannun waɗanda za su kashe shi bayan 'yan kwanaki, yana magana a natse, yana cewa bai karaya ba domin duk halin da mutum ya samu kansa a hannun Allah yake. An ƙwace masa duk abin da ake kira nasara, amma ba a ga alamar rayuwarsa ta zama fanko a idonsa ba. Ba cewa nake ka je ka nemi mutuwa ba. Cewa nake abin da ya riƙe waɗannan mutane ba ya cikin jerin abubuwan da ka lissafa mini a wasiƙarka.

Yanzu mu koma bankin. Sa'ad da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, a Luka 3, bai ce su ajiye aiki ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, na biyu kuma kada su yi ƙwace ko ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Tuba ta bi su har teburin aikinsu. Kai manaja ne, akwai mutane a ƙarƙashinka da fasto ba zai taɓa kaiwa gare su ba. Ka fi ni sanin irin adadin kuɗin da ake ɗora wa 'yan mata masu neman kwastoma su kawo a wata, ka kuma san abin da wasu masu kuɗi suke nema a wurinsu kafin su buɗe asusu. Wa yake tsaya musu? Ka san ma'aikatan kwantiragi da suke shekara da shekaru ba a tabbatar da su ba. Ka san maigadin da ke buɗe maka ƙofa, ko da yake ina shakkar ka san sunan 'ya'yansa. Akwai takardar da za a kawo maka ka sa hannu wadda ka san lissafinta ba daidai ba ne, kuma ƙin sa hannun zai iya jawo maka abin da aka yi mini, canji zuwa inda ba ka so. Luka 9:23 ya ce a ɗauki gicciye kowace rana. Gicciyen kowace rana yawanci ƙarami ne, a irin waɗannan wurare yake, ba mai ɗaukar hotonsa. Ka leƙa gidanka ma. In akwai yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana muku aiki, tana zuwa makaranta? Irin makarantar da 'ya'yanka suke zuwa, ko wata dabam?

Game da kuɗi, 1 Timoti 6:17-19 da masu dukiya yake magana kai tsaye, bai kuma ce su zubar ba: kada su yi girman kai, kada su dogara da abin da ba shi da tabbas, su zama masu hannu a sake. Shawarar da nake ba mutane irinka ita ce ku zauna da maiɗakinka ku yanka wa kanku iyaka, ku ce wannan ya ishe mu ci da sha da makaranta da taimakon dangi da ajiyar tsufa. Abin da ya haura, ku sa masa wata manufa tun kafin ya shigo. In ba ku yi haka ba, duk ƙarin albashi zai tarar da bukata tana jiransa a bakin ƙofa. Kuma wani kaso na bayarwar ya zama wanda ba za a karanta sunanka a majami'a ba. Akwai masu bishara a ƙauyuka da albashinsu na wata bai kai man da kake sha a mako ba, akwai gwauraye a sansanonin gudun hijira. Ka ba da ta hannun wani, ka ji yadda zuciyarka za ta yi ƙaiƙayi tana so a sani. Ƙaiƙayin nan shi ne ciwon da muke magana a kai.

Ba na rufe ƙofar kira. Allah yana kiran mutane daga banki kamar yadda ya kira Matiyu daga wurin karɓar haraji. Amma kira yakan ja mutum zuwa ga wani abu, ba gudun wani abu ba ne kawai, kuma ba a ɗaki shi kaɗai ake tabbatar da shi ba. A Antakiya ikilisiya ce tana sujada da azumi aka ce a keɓe Barnaba da Shawulu, kuma an riga an san su da koyarwa a wurin. Ka karɓi ajin makarantar Lahadi, ko ajin masu shirin baftisma, ka riƙe shi shekara guda ba fashi. Ka bi 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai fita bishara ƙauye, ka kwana a tabarma. Ka nemi samari biyu ko uku da suka gama makaranta ba aiki, ka riƙa zama da su kowane mako kuna karanta Markus, kana kuma koya musu yadda ake rubuta takardar neman aiki. In bayan shekara wutar tana ƙaruwa, dattawa 'yan'uwanka suna ganin abin a kanka ba tare da ka roƙe su ba, matarka kuma ta yarda da zuciya ɗaya, ba don ta gaji da musu ba, to ka rubuto mini mu yi maganar makaranta. Ka tuna akwai 'ya'ya uku, da kuma dangin da na tabbata suna rataye a wuyanka, 1 Timoti 5:8 kuwa bai yi wa wanda ya ƙi kula da nasa sassauci ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a wasiƙarka. Ka lissafa matarka tsakanin mota da kujerar dattijo, cikin abubuwan da ka samu, amma ba ka ce ta san kana zama a mota ba. Ina zaton ta sani, tana jin tsayawar inji, tana duba agogo, tana ta saƙe-saƙen abin da ya fi wannan muni. Yau in ka kashe motar, lokacin nan da ka saba zama, ka yi shi da Zabura 73, ka karanta a hankali har aya ta 26, ka gaya wa Ubangiji abin da ka gaya mini ba tare da ka gyara kalmomin ba. Sannan ka shiga ciki, in yara sun kwanta, ka nuna mata wasiƙar da ka aiko mini. Ka gaishe ta, ka gaida yaran.